Teburin da Kafinta Ya Yi wa Malama

Tun da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama matarsa, Kafinta bai sake buɗe shago da wuri ba. Malama, wadda ta yi rayuwarta a gaban allo tana daka wa ɗalibai tsawa, yanzu tana kan keken guragu, hannun dama ya zama kamar na aro, magana kuma sai an kasa kunne.

Likitar da ke motsa mata jiki a asibiti ce ta kawo shawarar ƙwallon tebur. Ta ce wasan yana haɗa ido da hannu, in aka samu mai turo mata ƙwallo a hankali tana mayarwa da hagu, zai taimaka.

"To wa zai turo?" in ji Kafinta.

"Kai mana, Baba."

"Ni? Da wannan furfurar?"

"Furfura ba ta riƙe faifan buga ƙwallo," ta ce tana dariya.

Yin teburin bai ba shi wahala ba. Ya auna na asibitin, ya zaɓi falanki marar kumburi, ya goge shi sumul, ya shafa koren fenti, ya ja farin layi. Sai da aka fitar da kujeru kafin ya shiga falo. Raga da faifan bugu da ƙwallaye ya sayo su a kasuwa. Ya tura keken Malama ƙarshen teburin, ya sa mata faifai a hagu, ya koma nasa gefen yana gyara tsayuwa.

A nan aka yi ta. Hannun da ya saba da guduma bai san lallashi ba. Bugun farko ƙwallon ta wuce ta kan kafaɗar Malama ta daki labule. Na biyu ta maƙale a raga. In ya sassauta ta faɗi a gabansa, in ya ƙara ƙarfi ta bi iska. Malama kuwa tana nan da faifai a ɗage, tana jiran abin da bai zo ba. Duk ɓarin da ya yi, shi zai zagaya ya durƙusa, gwiwoyi na ƙara, yana zungurar ƙarƙashin kabad da tsintsiya.

"Baban Auta," ta ce a hankali, tana jan kalmomin, "ba ƙusa ba ce."

Ya yi dariya don ta ji daɗi.

Ya koma yin atisaye a shago. Yakan tura ƙofa don kada maƙwabta su gani, ya jingina falanki da bango ya yi ta bugu. A nan ya gano matsalar ba a hannu kaɗai take ba. Ƙwallon in ta taso sai ta ɓace masa a tsakiyar hanya, ta sake bayyana bayan ta wuce shi. Yanar da ke idonsa, wadda ba ta hana shi aikin katako ba don yatsunsa sun san hanya, ita ce ta tare shi. Bai gaya wa kowa ba. Gidan ya riga ya isa da mara lafiya ɗaya.

Ranar hutun mako 'yarsu Auta ta zo daga garin da take aiki. Ta ga teburin ta riƙe baki.

"Baba, kai ka yi wannan? Kawo in gwada."

Ta ɗauki faifan kamar da wasa, ta turo ƙwallon a hankali, ta faɗi daidai gaban hagun uwarta. Malama ta kai hannu. Tak! Ƙwallon ta tsallake raga. Auta ta mayar, Malama ta sake taɓawa. Rabin fuskar da ke motsi ya cika da murmushi, har da wata 'yar ƙara ta murna da Kafinta ya manta tana da ita. Yana tsaye jikin ƙofa da tsintsiya a hannu, yana murna, kuma wani abu yana cin zuciyarsa.

Da hutu ya ƙare Auta ta koma bakin aiki.

Washegari da hantsi ya sake tura keken gaban tebur. Ya yi ƙoƙarin kwaikwayon yadda 'yarsa ta karkata faifan. Ƙwallon ta daki gefen tebur ta gangara ƙarƙashin keken. Ta gaba ma haka. Malama ta sauke hannu ta ajiye faifan a cinya.

"Bari haka. Na gaji."

Ya san ba hannunta ne ya gaji ba, tausayinsa take ji. Bai yi musu ba. Ya durƙusa ya ciro ƙwallon daga tsakanin tayoyin, ya yunƙura zai tashi, gwiwar ta ƙi. Ya kama ƙafar tebur, teburin ya ja baya. Ya sake yunƙurawa, wani zafi ya harbe shi har ƙugu, ya koma ya zauna daɓas.

Malama ta miƙo masa hagunta. Ya kama, yana sane ba za ta iya ɗaga shi ba, ita ma tana sane.

"Kira maƙwabci," ta ce.

"Ya fita aiki. Sai ya dawo cin abinci."

Wayarsa tana can kan taga, nesa da su duka biyun. Ya jingina kansa da tayar keken, hannunta a cikin nasa, suka zauna suna sauraron motsin ƙofar gidan da ke kusa.