Muryar Jaye a Bayan Rumbu

Ranar kasuwar Agiye, Inusa dillali yana zaune kan buhun aya ya yi tagumi, manoma suna wuce shi da waya manne a kunne. Shekara ashirin bakinsa ne farashi. Wanda ya kawo aya daga Gangara ba ya kwance buhu sai ya ji ta bakinsa. Yanzu kuwa sai sallama, ita ma a tsaitsaye.

Duk Jaye ne ya jawo, ɗan ƙanin mahaifinsa, wanda shi Inusa ya koya wa riƙon tiya. Kamfanin waya ya bar wata manhajar saƙon murya kyauta, sauran sai da kiredi. A cikinta Jaye ya tara manoma, har da Inusa don girmamawa, kowace safiya yana aika musu farashi. Hassada ta ci Inusa, ci ba na wasa ba.

Da ya ji a rediyo cewa hukumar sadarwa a Yamai tana duba dokar hana kamfanoni fifita wata manhaja kan wata, sai ya miƙe tsakiyar rumfa.

"Ku rubuta ku ajiye! Kafin a haƙe ayar bana an soke kyautar nan. Wa zai sa kiredinsa don surutun Jaye? Ni dai kunnena bai taɓa jin saƙonsa ba, kuma ba zai ji ba."

Aka haƙe aya, aka rairaye, aka ɗinke buhuna. Doka shiru kake ji. Kyauta kuwa tana nan daram.

To, dillali ba ya aiki babu farashin Maraɗi da na ƙetaren iyaka, masu kawo masa labarin kuma duk sun koma wa Jaye. Sai Inusa ya tsiri zagawa bayan rumbu da sassafe, inda rezo, wato sabis ɗin waya, ya fi kamawa. Ya rage muryar waya, ya saurari saƙon Jaye, yana tsaki.

Wata ranar kasuwa tsoho Ɗanmaraya ya tsokane shi a rumfa: "Inusa, ina dokar taka? Ko a jaki ta taso?"

"Tana tafe," in ji Inusa. "Ni ban ma san me Jayen ke faɗa muku ba."

Jaye, da ya iso daidai lokacin, ya rusuna ya gaishe shi, fuskarsa babu alamar shaƙiyanci.

"Haba Yaya, ai wayar tana nuna mini duk wanda ya saurara, da lokacin da ya saurara. Wata huɗu ke nan kai ne na farko kullum. Wallahi in ban ga sunanka ba, sai in ji kamar ban faɗi daidai ba."

Kowa a rumfa ya juyo yana kallon Inusa. Inusa ya ɗebi aya ya watsa a baki, haƙorinsa ya sauka kan tsakuwa. Bai tofar ba.