Ƙofar da Mushe Illa Ya Riƙe

…kuma ba wai ƙafar ce ke ciwo ba. Ƙafa lafiyarta lau. Ƙafar da ta yi shekara talatin da biyu tana zagaya filin lakkol a gaban 'yan makaranta, usur a baki, agogon gudu a wuya, ita ce za ta kasa kai Mushe Illa, wato Malam Illa mai koyar da wasanni, majami'a? Daga ƙofar gidansa zuwa can minti ashirin da biyu ne. Ya auna, ba sau ɗaya ba, ba sau goma ba. Yau ga shi ya cinye rabin awa bai ko kai kwanar famfo ba, yana tafe yana tsayawa kamar wanda ya yar da allura.

Lahadi ta uku ke nan. Ta uku da binne Jummai.

Biyun da suka wuce ta bayan kasuwa ya bi, ya yi dogon zagaye, don kada ya gifta rumfar Kulu mai ƙosai. A rumfar nan matarsa ta cika, kanta a cinyar Kulu, kuma ba wanda ya ji maganarta ta ƙarshe sai Kulu. Yau ya ce sai ya tambaya. Abu ɗaya ne kawai — ta kira sunansa? Ta bar masa wata magana? Ko da fushi ta tafi? Tun asuba yake jera tambayar a bakinsa, tana wargajewa, yana sake jerawa.

Ga takarda a aljihun gaba, tana sukar ƙirji. Fasto Zakari ya ce, Baba Illa, in ba za ka iya ba a ɗaga zuwa wani watan. Zai iya mana. Me zai hana? Wa'azin tsere ne, nasa ne, kowace shekara shi ke yi, har matasa sun haddace. Rayuwar mai bin Almasihu tsere ce. Mai gudu ba ya cin duk abin da ransa ke so. Ba ya barci sai ya ƙoshi. Ba ya ɗaukar kaya, kuma ba ya waiwaye, don wanda ya waiwaya ya ba da taku biyu kyauta. A nan yakan buga teburi. Ba ya waiwaye… Jummai tana can layin mata, benci na uku, mafici a hannu, da murmushin nan nata na wadda ta san inda mai wa'azi ya ajiye takalminsa jiya ya manta.

"Mushe, ƙohwar sama ba ta da mai gadi da agogo."

A hanyar komawa gida take faɗa, tana dariya. Shi kuwa ya haɗe rai, ya ce ba a wasa da maganar Allah. Wasa! Shekara talatin da huɗu tana gaya masa gaskiya cikin dariya, shi yana jin dariyar kawai.

Wani mai babur ya danna masa oda. Ya matsa gefe. Ashe a tsakiyar titi yake tsaye.

Affala, ƙauyensu… ranar da ya koma gida bayan an yi masa baftisma, yana ɗan shekara ashirin da huɗu. Ba su doke shi ba, ba su kore shi ba. Da ma sun yi. Babban wansa ya dube shi daga sama har ƙasa, ya ce wata shida muka ba ka, za ka gaji ka dawo. Za ka gaji! Shi? Shi da ya zo na ɗaya a gudun dogon zango na dukan jihar Tawa shekara biyu a jere? Daga ranar ya ɗaura ɗamara. Tashin asuba, karatu, addu'a, azumin Laraba. Ko zazzaɓi ya kayar da shi, Lahadi yana majami'a, yana rawar ɗari a kan benci. Ba wanda zai ga Illa ya zauna a gefen hanya. Saboda Ubangiji ne? Ko saboda Affala? Wan nasa ya yi shekara tara a ƙasa, shi kuwa har yau yana gudu don ya ba shi amsa.

To, ita Jummai me ta yi wa Affala?

Tun damina ta fara ja baya. Da can taku biyu ne tsakaninsu, shi gaba ita baya, yana jin ƙarar silifanta. Sai ƙarar ta yi nisa. Sai ta ɓace. "Tahi gaba, Mushe, ka buga ƙararrawa, ina nan tahe." Shi kuwa sai ya tafi, don tsohon ƙarfen ƙafar motar nan da ke rataye a jikin bishiyar bedi ba ya buga kansa, kuma takwas da rabi takwas da rabi ce. Ta daina sa takalminta mai rufi, ta ce ya matse. Ta fara tsayawa tsakiyar shara, hannu a ƙugu, baki a buɗe. Shi ya ce ƙiba ce. Ya ce ta rage mai, ta rage gishiri. Ya zauna ya ja mata layuka a takarda da rula — Litinin zagayen unguwa ɗaya, Laraba biyu — ya manna a bangon ɗaki. Ta karanta, ta ce to.

Shi fa, Jummai. Shi da yake hango yaro daga wancan ƙarshen fili ya ce wannan ƙaya ce a diddigensa, wancan bai karya kumallo ba. Yara ɗari yana ganin numfashin kowa. Ke ɗaya ce, gida ɗaya, tabarma ɗaya, bai ga naki ba. Ta yaya zai gani? Bayansa kike.

Warin man gyaɗa. Ya fara jiyo shi tun daga nan.

Dokar ƙofa ma tasa ce. Shi ya kawo ta taron dattawa shekara shida da suka wuce, ya ce mutane sun mai da gidan Allah tashar mota, kowa ya shigo lokacin da ya ga dama. Ƙarfe tara a ja ƙofa, ba a buɗewa sai an gama addu'ar buɗewa da karatu. Wanda ya makara ya jira a waje, ya ji kunya, gobe ya yi sammako. Aka ce wa zai tsaya a ƙofar? Wa kuwa, in ba mai dokar ba.

Ranar nan… tara ta yi, benci na uku ba kowa. Ya ja ƙofa, ya sa sakata. Fasto ya fara addu'a. Sai ƙwanƙwasa. Sau uku, a hankali.

Ya yi murmushi. Wannan ne abin da ya kasa haɗiyewa, wannan ne ke tashe shi tsaye in ya zauna cin abinci. Idonsa a rufe, kansa a sunkuye, mutane na cewa amin, shi kuwa yana murmushi a ransa yana cewa, Jummai ce, bari ta sha rana kaɗan, ko ta koya. Aka sake ƙwanƙwasawa. Ya ɗora tafin hannunsa a kan sakatar ya danne. Matar dattijo ma doka ta hau kanta, kowa ya gani. Har ya duba agogo, don in sun koma gida ya gaya mata adadin.

Minti goma sha ɗaya.

Da ya buɗe, ba ita ba ce. Lawali ne mijin Kulu, mai facin taya, ba takalmi, gumi ya jiƙa rigarsa. Mutumin da bai taɓa taka ƙofar majami'a ba ya sheƙo a guje, ya iso ya tarar ana addu'a, ya ga bai kamata ya ɗaga murya a kan masu ibada ba. Ya tsaya yana ƙwanƙwasawa da ladabi. Ladabi! Da ya yi ihu, da ya ɓalle ƙofar da ƙafa… A'a. Ba Lawali ba ne. Kada ya kuskura ya ɗora wa Lawali.

Ya yi gudu ranar. Rabonsa da irin gudun tun yana saurayi. Ya iso an riga an ja mata gyalenta an rufe fuska.

Kuma ba wanda ya sani. Lawali yana zaton doka ce kawai. Fasto ya tsaya bakin kabari ya ce 'yar'uwarmu ta gama tserenta. Mata suna cewa ku dubi Baba Illa, ko hawaye babu, wannan shi ne bangaskiya. Ba bangaskiya ba ce. Tsoro ne. In ya buɗe baki don kuka, maganar ce za ta fito.

Ya Yesu… kai ma haka kake tafiya? A cikin cunkoson jama'a, ana jiranka a wani gida, mace mai ciwo ta taɓa bakin rigarka ta baya, ka tsaya cak, ka juya kana neman ta. Ka juya. Sau nawa ya karanta wa mutane wannan da bakinsa? Ya karanta, ya rufe, ya koma kan maganar gudu.

Ga rumfar. Buhunan da aka ɗinke aka yi inuwa, kasko a wuta, ɗan benci a jikin bango. Kulu ta ɗago, matsamin ƙosai a hannunta. Ta gan shi, ta sauke kaskon daga wuta. Ya buɗe baki. Ta riga shi magana.

"Zamna, Mushe. Nan taka zamnawa kowace Lahadi, tun damana. In ba ta ruwa, ta huta, kana ta tashi."

Kowace Lahadi. Wata takwas. Mai ƙosai ta sani, mai faci ya sani, masu ɗiban ruwa a famfo sun sani. Ya zauna. Bencin gajere ne, gwiwoyinsa sun kusa taɓa haɓarsa.

"Ta… ta ce wani abu?"

Kulu ta goge hannu da bakin zane. Ta daɗe tana gogewa.

"Ta tambaye ni ƙarhe nawa. Nic ce ban sani ba. Sai tac ce, Kulu, in Mushe ya zo ki ce mishi shi yi haƙuri, yau ma na makara."

Shi ke nan. Kulu ta mai da kasko kan wuta, don akwai mai jiran ƙosai.

Ya yi haƙuri. Shi. Da fushi ya zo nema, da ta zage shi, da ta ce Allah ya isa, da ya san inda zai ajiye. Wannan fa? Numfashi na ƙare mata, kanta a cinyar mai ƙosai, abin da ya rage mata a duniya ta kashe shi wajen ba shi haƙuri. Ba ta kira 'ya'yanta ba. Ba ta yi addu'a ba. Agogonsa take tsoro.

Ya ɗaga kai. Daga bencin nan titi miƙe yake, ana hango rufin kwanon majami'a, har da shuɗiyar ƙofar. Idonsa ya auna da kansa, ba tare da ya sa shi ba, aikin shekara talatin ne. Mita ɗari huɗu. Zagayen fili ɗaya. Yaron da ya fi kowa lalaci a ajinsa ma minti biyu ya ishe shi.

Mutane na wucewa da kayan Lahadi, suna gaishe shi, suna mamakin ganinsa a zaune. Ya kamata ya tashi. Ana jiransa, shi ne mai wa'azi. Ya dafa bango… zai ce musu me? Ku yi gudu? Ya dafa bangon dai, hannunsa na nan a kai. Bari tukuna. Kulu, ɗan ba shi ruwan nan.