Shaidar Shittu a Waya

"Bari batirin motarka ya huce, Malam," in ji Nu'uman mai gyaran batir, yana share gumi da gefen hannu. "Yanzu na cire shi daga caji."

"Har garin Yanbu zan je, Usta, ba nan unguwar Ranuna ba," in ji Shittu, yana kiransa da laƙabin gwanayen masu gyara. "Buga masa sifana mu ga wutarsa, kamar yadda ka saba."

Shekara goma sha huɗu suna maƙwabtaka a unguwar Khalidiyya, a ƙasa mai tsarki, ƙofa na kallon ƙofa. Shittu ya sha ganin wannan gwaji da Nu'uman ya taho da shi daga garejojin Cadi: a gitta sifana a kan kawunan batir biyu, in tartsatsi ya tashi da ƙarfi, to yana da rai. Ga na'urar awo a rataye a bangon shagon. Nu'uman ya dube ta, ya dubi maƙwabcinsa, ya yi dariya.

"Bakano da gaggawa! Yalla."

Ya ɗauko sifana ya gitta. Ƙarar ta toshe wa Shittu kunne. Batirin ya tarwatse, wani ɓallin baƙar roba mai kaifi ya shige wuyan Nu'uman ƙasan kunne, ruwan batir ya wanke masa fuska. Ya faɗi a kan siminti yana shure-shure, yana yakushin idanunsa. Shittu ya durƙusa ya danne wuyan da tafin hannu biyu, jini na tsartowa ta tsakanin yatsunsa, da ɗumi, har gwiwar hannu. Yana laƙanta masa kalmar shahada, bakin Nu'uman na motsi, amma kumfa ce kawai ke fitowa. Kafin motar asibiti ta iso, ƙafafun sun daina bugun ƙasa.

Aka sallace shi a masallacin Harami, aka kai shi maƙabartar Baƙi'a. A hanyar dawowa mai shagon da Nu'uman ke wa aiki ya ja Shittu gefe.

"Na sa shi a ta'amin, wato inshorar rai," in ji shi. "In laifin masu ƙera batirin ne, kamfani zai biya iyalinsa, ya bi masana'antar. In ya saɓa ƙa'idar aiki, ko riyal ɗaya babu. Sifanar na ɗauke. Kai kaɗai ka gani."

Ran kwana huɗu, da masu ta'aziyya suka ragu, Sabuwa, matar marigayi, ta aiko a kira shi. Tana takaba, don haka daga bayan labule ta turo masa takarda mai lambar waya.

"Larabcina na kasuwa ne, Malam. Ka kira mini su. In ba su biya ba, ban san inda zan kai 'yan matan nan biyu ba."

Ya zauna a bakin ƙofa ya kira. Na'ura ta ce ya danna ɗaya, ya danna uku, sannan ta sa masa kiɗa mai sanyi na minti goma sha biyu. Daga bisani wani ma'aikaci ya ɗauka, da Larabcin Hijaz mai laushi.

"Allah ya ba ku ladan haƙuri. Ana naɗar wannan kira. Kai ne shaida?"

"Ni ne."

"Lokacin da batirin ya fashe, akwai ƙarfe a hannun marigayi?"

Shittu ya dubi labulen. Yana iya ganin yatsun ƙafarta a ƙasansa, sun ƙanƙame darduma. Shekara talatin yana garin nan bai taɓa shaidar zur ba. Kuma amsar gaskiya tana da rabi na biyu wanda ba wanda ya tambaye shi: wa ya ce a ɗauko ƙarfen.

"Ya ammi? Baffa, kana ji na?"

"Babu komai a hannunsa," in ji Shittu. "Yana tsaye ne kawai."

"Ka tabbata?"

"Na tabbata."

Aka karanto masa lambar fayil, ya rubuta a bayan takardar, ya tura ta ƙarƙashin labule.

"Allah ya saka maka, Malam," in ji Sabuwa. "Kullum yana cewa ka fi masa ɗan'uwa. A hannunka ya cika, ko? Bai sha wahala ba?"

"Bai sha ba, Hajiya."

Ya tsallaka titi ya hau saman gidansa, inda matarsa Hasiya ke shanya. Ta ɗago farar jallabiyar da ya sa ranar. Jinin ya fita, amma ruwan batir ya cinye ƙirjinta, ya bar ƙananan huda-huda.

"Wannan kam ta gama," in ji ta. "In yar?"

"Bar ta ta bushe."

Ta rataye ta a igiya ta sauka. Shittu ya tsaya shi kaɗai, rana na ratsowa ta hudojin tana ɗiga a kan siminti.