Hannun Wahid a Kwanon Tuwo

Hannun Wahid ya shiga kwanon tuwon babansa, hannun hagu kuma.

Barira ta tsaya cak a ƙofar kicin, da ludayi a hannu. Shekarar ɗanta takwas da lalurar galahanga, bai taɓa cin abinci kusa da mutum ba. Ƙarƙashin tebur yake shigewa da busasshen burodi, in aka matsa masa ya yi ta buga kai da bango har maƙwabtansu na unguwar Bin Mahmud a nan Doha su ƙwanƙwasa ƙofa. Shi kuwa uban, Injiniya Saifuddeen, wanda ko baƙo ya miƙo masa abu da hagu sai ya sha wa'azi, bai ce uffan ba. Sai ma ya tura kwanon gaban yaron a hankali.

Jiya Barira da yaron suka dawo daga wurin yayarta a Kanada, inda wata likita ta gwada wa Wahid man da ake tatsa daga ganyen wiwi, ɗigo-ɗigo a ƙarƙashin harshe. Ba ta ɓoye musu ba: ana kan bincike, wasu yaran yana yi musu, wasu ko gezau. Wiwi dai, abin da Barira ta taso tana jin shi ke haukata samarin tasha. Amma wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Kwalbar kuwa can suka baro ta, domin a Doha ta isa ta kai mutum gidan yari.

Yaron ya dangwali miyar kuka, ya kai baki, ya ɗago ya dubi uban ido cikin ido. Tsoron Allah ya kama Barira.

"Ikon Allah," in ji Saifuddeen, murya ƙasa-ƙasa. "Yaushe likitar ta ce maganin zai bar jikinsa?"

"Ita ma ba ta da tabbas, Baban Wahid. Wataƙila ba zai jima ba."

Aikinsa na kamfanin gas ne ke riƙe da gidan. Shi ba zai iya tafiya ba, maganin kuma ba zai iya zuwa ba.

"Ki koma da shi can," ya ce. "Khalas, shi ke nan. Ni zan zauna."

"Kai kaɗai? Yau fa ya fara kallon ka."

"To, bari in ci rabona."

Ya gutsuro loma ƙarama, ƙarama ƙwarai, don kada tuwon ya ƙare da wuri.