Ɗigon Ruwan Esin Baba

Yayana ne ya sa wa Baba sabuwar esi, na'urar sanyaya ɗaki, wai mai tsimin wuta. A garinmu zafin ba na wasa ba ne, iskar ma jiƙe take, ka shanya riga kwana biyu tana nan da danshinta. Baba kuwa ciwo ya kwantar da shi, gumi na cin bayansa.

Mai haɗawar, wani sarkin surutu, ya nuna mini ɗan baƙin ido a goshin esin. "Hajiya, wannan ɗumin jiki yake gani. In da mai rai a ɗakin, sai ta juya masa iska. In babu kowa, minti goma ta kashe kanta."

Ni tela ce, kekena na baranda, daidai inda tiyonta ke ɗiga a bokiti. Sai na mayar da ɗigon nan ɗan aikena. Muddin ina jin ɗis, ɗis, to Baba na numfashi, ba sai na tashi ba. Lalaci ne, na sani, amma na kira shi dabara.

Ran nan ɗinki ya sha mini kai. Tun hantsi nake taka keke, ruwa na ɗiga, har bokiti ya cika na zubar. Sai da la'asar na ɗauki abincinsa.

Na taɓa ƙafarsa, ta sandare. Maƙwabciyarmu ma'aikaciyar asibiti ce, daga baya ta ce ya kai awa biyar da cikawa.

Na ja da baya har waje, na tsaya a bakin ƙofa. Awa biyar, ni ina can ina lallashin wuyan riga, ya tafi shi kaɗai. Amma esin ba ta mutu ba. Na ɗaga kai, sai na ga ba gado take hura wa ba. Kujerar Inna take kallo, wadda ba mai zama a kanta shekara uku ke nan, tun rasuwarta.

Ina tsaye, sai bakin esin ya motsa a hankali, daga kujera zuwa gado. Ya dakata. Sannan ya biyo hanyar ƙofa, sanyi ya shafi kafaɗata sau biyu, kamar mutum biyu sun wuce ta gefena.

Bayan minti goma ɗigon ya tsaya.