Zinaren Sarkin Lebda

Latif ya ɗauki Dakta Nendirmwa a filin jirgin sama na JFK da la'asar, dusar ƙanƙara na sauka a hankali. Shi mutumin Kumasi ne, direban tasi. Ita likitar haƙori ce 'yar Jos, ta manyanta. Da ta ji ya amsa waya da Hausa, sai hira ta ɓarke.

A hanya motoci suka cunkushe, aka tsaya cak. Ta buɗe jakarta, ta ciro wani abu daga ɗan akwati ta miƙo masa.

"Abin da ya kai ni Turai ke nan. Kuɗin zinare ne na Rumawan dā, su nake tarawa. Riƙe shi ta gefe, ɗana."

Bai kai murfin kwalba faɗi ba, amma da nauyinsa. A jikinsa kan wani mutum ne mai murɗaɗɗen gemu.

"Sarki Severus ke nan," in ji ta. "Ya mulki Rum, amma a Afirka aka haife shi, a wani birni mai suna Lebda da ke Libiya."

Latif ya waiwayo. "Mama, ai na san wurin."

Kafin ya zo Amurka ya yi leburanci a garin da ke kusa. Ran Juma'a yakan ɗauki burodi da kifin gwangwani ya shiga kangon tsohon birnin, ya zauna shi kaɗai. Bai taɓa tambayar wa ya gina shi ba.

"Ni a littafi kawai na san shi," ta ce. "Ba ni labari."

Ya fara da ginshiƙan da suka kwanta cikin yashi. Ya gaya mata akwai fuskokin mata na dutse, jere a ƙasa, idanunsu a buɗe, har ya taɓa jingina da ɗaya barci ya kwashe shi. In ka hau saman matakalan dandalin wasa, teku ce shuɗiya har iyakar gani.

Ta lumshe ido. Shi ma sai ya ji kamar ranar can na dukan ƙeyarsa, iska na ƙamshin gishiri.

Wani ya danna hon a baya. Latif ya mayar mata da zinaren, ya yi ɗumi a hannunsa, ya ja mota.

"Kada ka yi sauri," ta ce, ba ta buɗe ido ba. "Tashar jiragen ruwan fa, ka kai can?"

"Na kai, Mama. Duk ta cike da yashi da ciyawa."

Ya rage gudu, ya ci gaba da ba ta labari har ƙofar gidanta.