Shafukan Shuɗin Fensir

Tela yana cikin jera kujerun aro a ɗakin zanen Farfesa sai 'yarsa Auta ta shigo da gudu, ta tsaya tana duban teburin ubangidanta, wanda aka jingine da bango fes babu komai a kai.

"Baba, ina takardun da ke nan?"

"Na share. Baƙi za su zauna a kan takarda ne?"

Jiya da yamma Farfesa, maƙwabcin nasu, ya rasu. Shekara talatin yana koyar da zane a jami'a, yana kuma fitar da littattafan labari cikin hotuna, irin waɗanda maganar mutum ke fitowa a cikin da'ira a saman kansa. Tun da safe matarsa ta roƙi Tela ya gyara ɗakin saboda masu zuwa gaisuwa. Shi kuwa dama zama ba ya yi masa. Ya adana duk takardar da ya ga baƙin tawada a jikinta. Sauran, masu wani dishi-dishin shuɗi kamar yaro ya yi wasa, ya haɗa su da bawon fensir ya miƙa wa mai kwasar shara.

"Su ne littafin, Baba," in ji Auta. "Shafi takwas na ƙarshe. Da shuɗin fensir yake farawa, saboda injin buga littafi ba ya ganin shuɗi. Sai a bi da tawada."

"To ai ba mai bi yanzu."

"Ni ce mai bi. Shekara guda ke nan hannunsa na rawa. Ya ce in ƙarasa."

Wato duk yammacin da take cewa za ta taya matar Farfesa aiki, wannan ne aikin. Ga fom ɗin makarantar jinya can a teburin yankansa, wata biyu ta ƙi cikewa. Ya buɗe baki zai yi faɗa, sai ya ga idonta. Ya rufe, ya fita ko takalmi bai gama sawa ba.

Layin farko babu baron shara. Na biyu ma haka. Mai gyaran keke ya ɗago kai ya ce, "Tela, wa ya gudu da ɗinki bai biya ba?" Bai kula shi ba. Yana sauri yana tuna zuwansa na ƙarshe duba Farfesa, ranar da ya yi ta mita a bakin gado cewa zane ba ya ɗora tukunya.

"Maƙwabci," Farfesa ya ce masa yana haki, "kai ba da alli kake zana yadi kafin ka yanka ba?"

"Nawa ana sawa a jiki."

"Nawa ma ana sawa. Zauna mana, kana sa min jiri."

Bai zauna ba. A tsaye ya gama gaisuwar, yana leƙen taga ko Auta ta dawo.

A bayan kasuwa ya cim ma mai sharar, yana shirin juye baro a cikin babbar mota.

"Tsaya, don Allah. Takarduna."

"Ɗazu ka ce tarkace ne."

"Ɗazu ban da hankali."

Mutumin ya yi dariya ya matsa. Tela ya naɗe hannun riga ya dulmiya cikin bawon albasa da tsumma da ganyen shayi. Ɗaya, biyu, biyar. Na shida ya manne da gwangwanin madara. Ya ƙirga sau uku kafin ya yarda takwas ne, ya sa su a cikin riga ya juyo, zufa na bin bayansa.

A shagonsa ya kunna dutsen guga. Auta ta tsaya a bakin ƙofa. Ya shimfiɗa farin ƙyalle a kan kowane shafi yana gogewa a hankali, yadda yake yi wa yadin da ba nasa ba. Shayi ya ɓata gefen na huɗu.

"Wannan fa?"

"Zan iya ganin layin," ta ce.

Da ya ɗaga ƙyallen daga shafi na takwas sai ya dakata. Ya kai shi wajen haske. Wani mutum ne a ƙofar shago, tef ɗin awo a wuya, ƙafa ɗaya ciki ɗaya waje, ya miƙa wuya yana duban hanya. Har ɗan tumbin Tela, Farfesa bai manta ba. Da'irar da ke saman kansa babu ko harafi.

"Me wannan mutumin yake cewa?"

"Bai rubuta ba. Ya ce ni na fi shi sanin abin da zai ce."

Tela ya daɗe yana kallo. Daga gidan Farfesa ana jiyo jan kujeru da muryoyin masu gaisuwa. Ya juya ga teburin yanka, ya kwashe almakashi da alli, ya ɗauki fom ɗin ya sa a aljihun tebur, ya goge katakon da hannun rigarsa.

"Wannan ba ya girgiɗi," ya ce. "Kar dai tawada ta taɓa min kayan mutane."

Auta ta kwance kwalbar tawada. Shi kuma ya jawo kujerar ɗinki ya zauna, hannuwansa a kan gwiwa, yana kallon bakin alƙalami na bin shuɗin layi daga kafaɗar mutumin zuwa tef ɗin wuyansa.